Kafin a Kira Mai Kyamara, a Zagaya Bayan Shago

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwanmu masu shaguna da sito da ofisoshin kargo a Jidda da Makka, kan yadda ake auna buƙatar tsaro a wurin kasuwanci. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a cikinmu: mutum ya kama shago, ya zuba hajar riyal 300,000, ya kira mai kyamara ya liƙa masa guda huɗu, ya rataya kwaɗon riyal 15 a ƙofa, shi ke nan a wurinsa an gama tsaro. Kyamara ba ta tare kowa. Iyakarta ta ba da labarin abin da ya riga ya faru, shi ma sai in an kafa ta daidai.

Tsaron wuri lissafin mintoci ne. Tambayoyi uku ne ke ciki: yaushe za a san cewa ana taɓa wurin, minti nawa ƙofa da bango za su riƙe mai ƙoƙarin shiga, minti nawa kuma zai ɗauki wanda zai kawo ɗauki kafin ya iso. A ɗauka mai sito yana zaune a arewacin Jidda, sitonsa yana Khumra a kudu, tafiyar minti 30 ko da dare ne hanya ba cunkoso. In kwaɗonsa bai wuce minti ɗaya a bakin almakashin ƙarfe ba, kuma lodin katan 40 a bayan mota bai fi minti goma ba, to ko wayarsa ta yi ƙara a daidai lokacin da aka taɓa ƙofar, kafin ya iso an daɗe da tafiya. Gyaran wannan lissafi hanya uku gare shi: a sa labari ya zo da wuri, a ƙara wa ƙofa jinkiri, ko a samu wanda ya fi kusa ya amsa kira. Duk abin da za a saya, in bai taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ba, ado ne.

Mataki na farko ba ya cin ko riyal ɗaya. A zauna da takarda a rubuta abin da ke cikin wurin, da kuɗinsa na saye, ba na sayarwa ba. Sannan a ware abin da yake ƙarami mai tsada mai saurin shiga kasuwa: wayoyi, agogo, turaren ud da man ud, shadda mai daraja, kuɗin ciniki. Ɓarawo ba ya ɗaukar katifa ko buhun shinkafa in ga kwalin waya a gabansa. Sau da yawa za a tarar kaso mafi girma na dukiyar shago zai shiga kabad ɗaya, wanda ke nufin ba dukan shagon ne ke buƙatar tsaro mai tsanani ba, kabad ɗin ne. Masu kargo kuwa su tuna yawancin abin da ke sitonsu amanar mutane ce, kayan alhazai da na 'yan Umara da za a aika Kano ko Yamai. Asarar irin wannan kaya ba ta tsayawa a kuɗi, suna take tafiya da shi. A cikin takardar kuma a sa littafin bashi, da kwamfutar da ke ɗauke da lissafi, da takardun lasisi, domin akwai shagon da zai jure satar haja amma ba zai tashi ba in littafin bashinsa ya ƙone.

Daga nan sai zagaye, kuma a yi shi da ƙafa har sau uku: da rana tsaka ana ciniki, da lokacin rufewa, da wajen ƙarfe uku na dare. Wurin da ka sani da rana wani wuri ne daban da dare. A duba wace fitilar titi ce ta mutu, ina inuwa take, wane maƙwabci ne ke buɗe har asuba, ina mota za ta iya tsayawa ta yi lodi ba wanda ya gan ta daga babban titi. Wannan zagaye ya ƙara zama dole tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Ghulail da Petromin da Karantina da Sabil. A da, shagon Bahaushe a waɗancan wurare idon unguwa ne ke gadinsa, baƙo ba ya tsayawa a ƙofa da dare ba a tambaye shi wa yake nema ba. Yau da yawa sun koma inda maƙwabci bai san sunansu ba, wasu kuma shagonsu na nan amma bayansa ya zama fili fetal. Tsarin da ya wadatar kafin rusau bai wadatar yanzu ba.

A zagayen nan, ƙofar gaba ita ce abin dubawa na ƙarshe, domin ita ce kowa ke gani, ita ce kuma ɓarawo ya fi ƙi. A fara da baya. Ramin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na taga shi ne ɓarakar da aka fi mantawa da ita: faɗinsa ya kai santimita 60 zuwa sama, tsayinsa wajen 40, kuma yawanci ba abin da ke riƙe da na'urar sai firam ɗin katako da nauyinta. Mutum biyu za su tura ta ciki ko su zaro ta waje, siririn yaro ya shige. Maganinsa keji na rodi mai kaurin milimita 16, tazarar sandunan kada ta wuce santimita 12, a dasa shi cikin bango ko a ɗaure shi da ƙusoshin da suka ratsa zuwa ciki, ba dunƙulen sukurori huɗu da za a kwance daga waje ba. Haka tagar banɗaki da ramin fankar fitar da iska. Sai a hau sama a ga ko ana iya tsallakowa daga benen maƙwabta, a duba ƙofar matakala. A cikin kasuwanni masu jerin shaguna, a ɗaga falle ɗaya na silin a leƙa da tocila: sau da yawa bangon da ya raba ka da maƙwabci a daidai silin ya tsaya, sama da shi sarari ne ɗaya tun daga farkon layi har ƙarshe. Duk wanda ya shiga shago mafi rauni a layin ya shiga naka. A sito mai bangon kwano kuwa, sukurorin da suka riƙe kwanon daga waje ake kwance su. A nan ana gina bulo har tsayin mita biyu da rabi daga ciki, ko a yi wa bangon shimfiɗar ragar ƙarfe mai walda.

To sai ƙofa. Ƙofar naɗi ta ƙarfe, wadda kusan kowane shago ke da ita, ta hanyoyi uku ake karya ta: a yanke kwaɗo, a sa jak ɗin mota a ƙarƙashinta a ɗaga tsakiya har ta lanƙwashe, ko a fizge ta daga layin da take gudu a ciki. Kwaɗo ɗaya a gefe bai tare ko ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ba. Ƙofar da faɗinta ya wuce mita uku tana son makulli uku: sakata a kowane gefe da ke shiga cikin layin, da makullin ƙasa a tsakiya wanda aka dasa gindinsa a kankare. Layin gefen ya zama mai zurfi, santimita shida zuwa sama, kuma a ɗaure shi da bango sosai. In ƙofar mai mota ce, kada a dogara da motar a matsayin makulli, kuma akwatin maɓallinta da ke waje kada ya zama wanda sukudireba za ta buɗe a haɗa waya biyu.

Shi kansa kwaɗon, abin dubawa shi ne wuyansa. A nemi mai wuyan ƙarfe da aka gasa ya taurare, kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma wanda jikinsa ya rufe wuyan ta yadda bakin almakashi ba zai samu wurin kamawa ba. Irin mai zagaye kamar faifai ya fi dacewa da ƙofar naɗi. Amma kwaɗon kirki a kan maratayin banza asarar kuɗi ne, domin maratayin za a yanke a bar kwaɗon yana lilo. A yi wa wurin rumfar ƙarfe mai kauri da walda, wadda hannu da mabuɗi kawai za su shiga ta ƙasa. Gaskiyar da masu sayar da kwaɗo ba sa faɗi ita ce, injin yankan ƙarfe mai batir yana cin kusan kowane kwaɗo cikin minti ɗaya ko biyu. Abin da kake saye shi ne ƙara da tartsatsi da 'yan mintoci, kuma su ɗin ma suna da daraja in akwai wanda zai ji. Ga kuma iskar Jidda mai gishiri da laima, wadda ke cin ƙarfe a ɓoye. Kwaɗon da ya fara tauri a sa masa man makulli, layin ƙofa a duba gindinsa duk wata shida, don daga ƙasa tsatsa ke farawa. Ƙofar baya ta zama ta ƙarfe, firam ɗinta a cike da kankare, makullinta mai harshen da ke shiga aƙalla santimita biyu da rabi. In maɗaurinta na waje ne, a dasa ƙusoshi biyu a gefen ƙofar masu shiga firam in an rufe, ta yadda ko an cire maɗaurin ba za ta fita ba.

Bayan ƙarfe sai ƙararrawa, kuma a ganina ita ta fi cancantar kuɗi kafin kyamara, don ita ce ke magana a lokacin da abin ke faruwa. Ƙaramin tsari ya ƙunshi maganaɗisu a kowace ƙofa mai sanarwa in an buɗe ta, na'urar jin motsi a ciki, jiniya ɗaya a waje inda hannu ba ya kaiwa da wata a ciki, da akwati mai layin waya da zai kira aƙalla mutum uku. Ga ƙofar naɗi akwai maganaɗisu na musamman mai jikin ƙarfe da ake dasawa a ƙasa, na roba na ƙofar ɗaki ba ya wata uku a wurin. Na'urar jin motsi ana kafa ta a tsayin mita 2.1 zuwa 2.4, tana gani har wajen mita 12, kuma ta fi kama mai gilmawa ta gabanta a kan mai tunkarar ta kai tsaye, don haka a kusurwa ake sa ta, ba a saitin ƙofa ba. Zafin jiki take bambancewa da zafin wuri. A siton kwano da rani, in zafin ciki ya kusa na jikin mutum, ganinta yana raguwa ƙwarai. A irin wannan wuri a sa mai ido biyu, wadda ta haɗa jin zafi da igiyar rada. Kada a fuskantar da ita ga bakin mukayyif, ko gilashin da rana ke bugawa, ko kayan da aka rataya suna kaɗawa. Ƙararrawar da ta yi ƙarya sau uku a mako, a mako na biyu mai ita da kansa zai kashe ta, maƙwabta kuma su daina leƙowa. Batirin cikin akwatin, mai bolt 12, a sanyi yakan yi shekara uku zuwa sama, amma zafi na rage masa kwana, kusan rabi a duk ƙarin digiri goma sama da 25. A nan ƙasar a canja shi duk shekara biyu ba sai ya nuna alama ba. Layin wayar da ke ciki kuma a tabbata bai mutu ba saboda rashin kuɗi.

Yanzu kyamara. A Saudiyya ba zaɓi ba ce, doka ce. Dokar amfani da kyamarorin tsaro da aka fitar a 2022 ta shafi wuraren kasuwanci da sito, ta wajabta ajiye hoto na aƙalla kwana 31, da liƙa allo a bayyane mai sanar da cewa akwai kyamara. Rashin ajiye hoton tararsa riyal 5,000 ce. Kafa kyamara a wurin da aka hana, kamar banɗaki ko ɗakin gwada tufafi, riyal 10,000. Wanda ya fi kama mutanenmu shi ne na uku: yaɗa hoton ko miƙa shi ga wani ba da izinin hukuma ba, tararsa riyal 20,000. Wato in an yi maka sata ka ɗauki bidiyon ka watsa a rukunin WhatsApp wai a taya ka gane ɓarawo, kai ma ka shiga laifi. Hoton na 'yan sanda ne, can ake kai shi.

Kwana 31 ɗin nan a yi masa lissafi da hannu, kada a karɓi "ya isa" daga bakin mai kafawa. Kyamara ɗaya da ke aika megabit huɗu a daƙiƙa tana cin gigabait 43 a yini. Guda takwas a kwana 31 sun haura terabait 10. In faifan terabait biyu aka sa maka, wanda shi ne aka fi sawa don farashi ya yi sauƙi, bai kai kwana shida ba zai fara goge na baya. Satar cikin gida kuwa sau da yawa sai a ƙidayar ƙarshen wata ake gano ta, a je neman hoto a tarar babu. Faifan ya zama irin wanda aka ƙera don aikin dare da rana, kamar WD Purple ko SkyHawk, ba na kwamfutar tebur ba.

Yawan kyamara ba shi ne ba, abin da kowace aka sa ta gani shi ne. Don a gane fuskar wanda ba a sani ba, ƙa'idar masana ita ce ɗigon hoto 250 a kowace mita ta faɗin wurin. Kyamara mai ɗigo 1,920 a faɗi za ta ba da haka ne kawai in faɗin abin da take kallo bai wuce mita bakwai da rabi ba. In aka sa ta kallon harabar mita 30, za ka ga mutum ya shigo, ka ga launin rigarsa, amma ko ɗan'uwansa ba zai rantse shi ne ba. Don haka kowace ƙofa a ba ta kyamararta, a tsayin da bai wuce mita biyu da rabi ba. Wadda aka kai can ƙololuwar bango saman hula kawai take ɗauka. Wadda ke kallon ƙofa daga ciki tana fuskantar hasken rana, in ba mai iya daidaita haske da duhu ba ce, duk mai shigowa baƙar inuwa zai fito. Sai ɗaya a kan akwatin ciniki mai ganin hannu da kuɗi, ɗaya a wurin lodi mai ganin lambar mota, ɗaya a kan kabad ɗin kaya masu tsada. Wayar da ke kai musu wuta da hoto kada ta wuce mita 100, kuma ta zama jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha ta alminiyom da aka yi wa fentin jan ƙarfe, alamarta ita ce kyamara ta yi aiki da rana, da dare in fitilunta sun kunnu ta ɗauke.

Na'urar naɗar hoton kuma kada a ajiye ta a kan teburin mai shago kusa da talabijin. Wanda ya san aikinsa ita yake fara ɗauka. A kulle ta a akwatin ƙarfe mai samun iska, a wurin da ba a zato, hoton ƙofofi kuma a riƙa tura kwafinsa waje ta intanet. A haɗa ta da UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke: kyamara takwas da na'urarsu suna jan wajen wat 100, ƙaramin UPS mai batir ɗaya bai fi ya riƙe su rabin awa ba, don haka in akwatin mitar wuta yana waje inda kowa zai iya kashewa, a nemi babba. A canja kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, a karɓe ta daga hannun wanda ya kafa, a kuma daidaita agogonta. Hoton da agogonsa ya yi kuskuren awa uku yana wahalar da mai bincike.

Duk wannan na ɓarawon waje ne. Amma da ɗan gari akan ci gari, kuma a sana'o'inmu, inda ma'aikaci ɗan ƙanwa ne ko ɗan garinku, maganar tana da nauyi a baki. Tsari ba zargi ba ne, hasali ma shi ke wanke mai gaskiya ranar da abu ya ɓata. A san mabuɗi nawa ne, wa ke riƙe da kowane, a rubuce. Wanda ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a canja ƙwayar makulli a ranar, tunda yankan mabuɗi bai fi 'yan riyal ba. Kowa ya samu lambarsa ta kashe ƙararrawa, don a san wa ya buɗe da ƙarfe nawa. Mai karɓar kaya daga mota kada ya zama shi ne mai rubuta su a littafi. Maimakon jiran ƙidayar shekara, a zaɓi kaya iri goma masu tsada a ƙirga su kowane mako ba tare da an sanar da ranar ba. Kwalayen shara a buɗe su a baje kafin su fita, don ta nan kaya ke bi. Tun 2020 aka wajabta wa shaguna na'urar biya da katin banki na mada, wanda ya rage kuɗin hannu, amma masu hulɗa da alhazai har yanzu suna tara takardun kuɗi, musamman a goman ƙarshe na azumi da bayan saukowa daga Arfa. A sa iyaka: in kuɗin durowa ya kai adadi kaza, a kwashe zuwa sef, wato akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Sef kuma iri biyu ne, na gobara da na sata, kuma na gobara sau da yawa ƙarfensa siriri ne, ƙarfen banƙara ya ishe shi. Kowane iri ne, in bai kai tan ɗaya ba, a ɗaure shi da kankaren ƙasa, in ba haka ba ɗaukarsa za a yi gaba ɗaya a buɗe a gida cikin natsuwa. Da dare a bar durowar ciniki a buɗe ba komai ciki. Mai kai kuɗi banki kada ya riƙe rana ɗaya da hanya ɗaya.

Akwai wurin da tsaron sata ke zama haɗari, kuma nan ne na fi son a saurare ni. Ɓarawo yana ɗaukar abin da zai iya ɗauka, wuta kuwa ba ta barin komai, har da rai. Mutum ya ji tsoron sata ya ɗaure ƙofar baya da sarƙa, ya yi wa kowace taga walda, ya bar yara biyu suna kwana a sito a matsayin gadi, ya kulle su ta waje. Wannan ba tsaro ba ne. Ƙofar fita ta gaggawa waje take buɗewa, da turi ɗaya daga ciki ba mabuɗi, kuma ba a jibga katan a gabanta. Ana iya hana ta buɗuwa daga waje, a sa mata maganaɗisun ƙararrawa, ba tare da an kulle na ciki ba. Sito kuma ba wurin kwana ba ne, balle a kai risho ko tukunyar gas.

Hajarmu mai son wuta ce: atamfa, katifa, roba, turare mai sinadarin barasa, batiran waya. Mafarin wutar kuma yawanci lantarki ne. Mukayyif yana son layinsa shi kaɗai daga allon wuta, da waya mai kauri da birekarsa, ba a jona shi a wayar ja tare da firiji da butar shayi ba. Birekar da ke yawan faɗuwa gargaɗi take yi, wanda ya cire ta ya sa babba bai gyara komai ba, wayar ce za ta yi zafi a madadinta. A bar sararin mita ɗaya a gaban allon wuta. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo shida a rataye ta kusa da ƙofa, hannunta kada ya wuce tsayin mita ɗaya da rabi, kuma daga ko'ina a wurin kada tafiya zuwa gare ta ta wuce mita 23. Kusa da allon wuta da kwamfuta a sa mai iskar kabon. Mai kilo shida ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 tana feshi, don haka kowane ma'aikaci ya taɓa riƙe ta ya san gindin wuta ake nufa, ba harshenta ba. A duba allurarta kowane wata. In sito na da famfunan yayyafi a rufi, kaya su tsaya aƙalla santimita 45 ƙasa da su. A lokacin Hajji ne ake cika sito har rufi, a lokacin ne kuma famfunan ba za su yi amfani ba. Sharuɗɗan Difa'ul Madani (hukumar kashe gobara da ceto) da ake cikawa ta dandalin intanet na Salama kafin lasisin Baladiyya (hukumar birni), kada a ɗauke su takardar da ake nema don a wuce. Aron tukunyar kashe gobara daga maƙwabci ranar da mai duba zai zo, kai ka cuta. Lambobin gaggawa 911 da 998 (ta 'yan kashe gobara) a rubuta su a bango, tare da adireshin wurin, don mai kira a gigice ba ya tuna sunan titi.

Ruwa ma a sa shi a lissafi. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta ci rayuka sama da 100 a Jidda, a Nuwamban 2022 kuma an auna milimita 179 cikin kusan awa shida a kudancin birnin. Kafin a kama sito a tambayi tsofaffin maƙwabta inda ruwa ya kai, a duba tabonsa a bango. Kaya su hau katako aƙalla santimita 15 daga ƙasa, masu tsada a sama, magudanar rufi kuma a share ta kafin Nuwamba.

Batun mai gadi gajere ne. Harisin bene, wato mai kula da gida, mai share matakala da wanke motoci ba mai gadi ba ne. Gadin kasuwanci a ƙasar nan aikin kamfanoni masu lasisi ne, masu gadin kuma 'yan ƙasa. In shago ɗaya ba zai iya biya ba, 'yan layi ɗaya su haɗa kuɗi. A rubuta masa abin da zai duba da wanda zai kira, kada a bar shi da kujera kawai.

Takardu su ne ƙashin bayan duk wannan. Wanda shagonsa ke da sunan wani a takarda alhali dukiyar tasa ce, ranar da aka yi sata ko gobara ba shi da bakin kai ƙara, inshora ma ba shi za ta biya ba, ga dokar tasattur (hana kasuwanci da sunan wani) ta 2020 mai hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Ba kwaɗon da ke maganin wannan. Mai inshora kuma ya karanta sharuɗɗan: in an rubuta cewa akwai ƙararrawa mai aiki, aka tarar a kashe take a daren, kamfani na iya ƙin biya, kuma ba ya biyan abin da ba rasiɗi. Rasiɗai da lambobin wayoyin da ke shago da hoton haja a ajiye kwafinsu a wani wuri daban. A yarjejeniyar haya ta Ejar (dandalin gwamnati na rajistar haya) a fayyace wa ke da alhakin wayoyin wuta, da ƙofar sama, da famfon gobara, tsakanin mai gida da ɗan haya.

In kuɗi bai isa a yi duka lokaci ɗaya ba, ga jerin da nake ba da shawara: gyaran lantarki da hanyar fita da abin da doka ta wajabta, sai toshe ramuka da ƙarfafa ƙofofi, sai ƙararrawa, sai ƙarin kyamara. Ranar ɗaya ga kowane wata a kunna ƙararrawa a buɗe ƙofar baya a ga wayar wa ta yi ƙara da bayan daƙiƙa nawa, a nemo hoton daren kwana 30 da suka wuce a ga ko yana nan kuma ana gane fuska, a zare filogin UPS a duba agogo. A sake zagayen dare duk lokacin da maƙwabci ya tashi, ko aka fara gini a gefe aka kafa sandunan hawa, ko aka canja irin hajar da ake sayarwa, da kuma mako biyu kafin azumi.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai sana'ar kafa na'urorin tsaro,
Jidda, Saudiyya